Ƙashin da ya ƙi haɗewa: nikotin, ƙwayoyin tushe da tiyatar gadon baya

A shekarar 1986 wasu likitocin ƙashi uku a Amurka, Brown da Orme da Richardson, suka fitar da sakamakon bibiyar majinyata 100 da aka yi wa tiyata iri ɗaya a ƙasan gadon baya. Rabinsu mashaya sigari ne, rabi kuma ba su sha. Aikin da aka yi musu shi ne a haɗe gaɓoɓin ƙashin baya masu jawo ciwo su koma ƙashi guda, don motsin da ke tsakaninsu ya tsaya. A cikin mutum 50 da ba su shan taba, 4 ne kawai ƙashinsu ya ƙi haɗewa, wato kashi 8 cikin 100. A ɓangaren mashaya kuwa mutum 20 ne, kashi 40 cikin 100. Ninki biyar ke nan. Likitocin sun auna iskar oksijin da ke cikin jinin majinyatan, suka tarar ta mashaya ta yi ƙasa, sai suka ɗora zarginsu a kan haka.

Daga wannan rahoto aka shafe fiye da shekara talatin ana neman amsar tambaya guda: a cikin hayaƙin taba, mene ne yake hana ƙashi tsirowa, kuma a ina yake yin ɓarnar? Mutane da yawa suka fara nuna nikotin da yatsa, tunda shi ne sunan da aka sani. Abin da binciken ya tono ya fi wannan zargi sarƙaƙiya, kuma sarƙaƙiyar tana da amfani ga duk wanda ke kwance da karaya yana sha'awar ya kunna kara ɗaya.

Ya kamata a fara da fahimtar cewa a wannan tiyata ba likita ne ke haɗa ƙashi ba. Abin da yake yi shi ne ya kankare saman ƙasusuwan da ake so su haɗe har su yi jini, ya ɗebo gutsattsarin ƙashi daga ƙugun majinyacin, ya shimfiɗa su a tsakani. A yau yawanci ana ƙara kusoshi da sandunan ƙarfe. Amma ƙarfen riƙewa kawai yake yi kafin jiki ya gama nasa aikin, wanda ke ɗaukar watanni, wani lokaci har shekara. Idan sabon ƙashi bai tsiro ya cike gurbin ba, sai nama mai tauri irin na tabo ya maye wurin, ya bar ɗan motsi, a sami abin da likitoci ke kira gaɓar ƙarya. Ƙarfen da aka sa ya ci gaba da ɗaukar nauyin da ba a yi shi don ya ɗauka har abada ba, ya sassauta ko ya karye. Ciwo ya dawo, a koma ɗakin tiyata karo na biyu, kuma na biyun ya fi na farko wuya da tsada.

Masu yin aikin na gaskiya

A ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970, wani masani a Masko mai suna Alexander Friedenstein ya lura da abu biyu. Idan ya ɗauki ɓargo ya dasa shi a ƙarƙashin tantanin ƙodar dabba, sai ƙashi ya tsiro a wurin da ƙashi ba shi da dalilin kasancewa. Idan kuma ya zuba ɓargon a farantin gwaji, yawancin ƙwayoyin halittar da ke ciki na jini ne, suna yawo a ruwa, amma wasu 'yan ƙalilan sukan manne a ƙasan farantin su hayayyafa su yi gungu. Waɗannan masu mannewa su ne ke haifar da ƙashin. Arnold Caplan na Amurka ya yaɗa sunan da aka fi saninsu da shi, mesenchymal stem cells a Turance, a 1991. Mu a nan za mu kira su ƙwayoyin tushe na ɓargo, domin daga gare su ne ƙwayoyin gina ƙashi da na guringuntsi da na kitse suke fitowa, gwargwadon saƙon da ya iske su.

Ba su da yawa ko kaɗan. Ƙiyasin da aka fi ambata, na wani bincike da aka buga a 1999, ya ce a cikin ƙwayoyin ɓargo 10,000 zuwa 100,000 ake samun guda ɗaya. Akwai wasu a tantanin da ya lulluɓe ƙashi daga waje, kuma a wajen karaya waɗannan na tantani suna da babban rabo a aikin. Da zarar ƙashi ya karye ko likita ya kankare shi, jini yakan taru ya daskare, kumburi ya biyo baya, kumburin ya aika saƙonnin da ke kiran ƙwayoyin tushe. Su iso, su hayayyafa, sannan su rikiɗe. A inda oksijin ya wadata kuma babu motsi, kai tsaye suke zama masu gina ƙashi. A inda ya yi ƙaranci sukan fara yin guringuntsi, sai ƙananan jijiyoyin jini sun ratsa shi kafin a rushe shi a maye da ƙashi. Saboda haka aikin yana da matakai huɗu da kowanne zai iya lalacewa: isowa, hayayyafa, rikiɗa, da samun jini.

Rikiɗar tana hannun wani furotin da ake kira Runx2, wanda ke kunna umarnin da aka gada a cikin ƙwaya, wanda ya shafi ginin ƙashi. A 1997 aka samar da ɓeraye da ba su da shi. Suka zo duniya da ƙwarangwal na guringuntsi zalla, babu ƙashi ko ɗaya, suka mutu nan take don ba su iya numfashi. Saƙon da ke tayar da Runx2 kuwa ya haɗa da wasu furotin da ake taƙaita sunansu da BMP, waɗanda Marshall Urist ya gano alamarsu tun 1965.

Cewa yawan waɗannan ƙwayoyi na iya zama bambancin warkewa da rashin warkewa ba hasashe ba ne. A 2005 Philippe Hernigou da abokan aikinsa a Faransa suka ba da rahoton mutum 60 da ƙashin ƙwaurinsu ya ƙi haɗewa. Suka zuƙo ɓargo daga ƙugun kowannensu, suka tace shi ya yi kauri, suka yi allurarsa a wurin karayar. Mutum 53 suka warke. Da aka koma ga ƙididdiga, waɗanda suka warke an zuba musu ɓargo mai ɗauke da ƙwayoyin tushe fiye da 1,500 a kowace mililita, bakwai ɗin da ba su warke ba kuwa nasu bai kai 1,000 ba. Shekara goma bayan haka wasu likitoci a birnin Ƙudus suka auna ɓargon mashaya sigari da na waɗanda ba su sha, suka tarar na mashaya ya fi ƙarancin waɗannan ƙwayoyi. Ma'ana, mashayi yana shiga ɗakin tiyata da gibi tun kafin a taɓa shi da wuƙa.

Zomayen Atlanta

Ba za a iya ɗaukar majinyata a ce wa wasu su sha taba wasu su bari don a ga abin da zai faru ba. Kuma mashaya sukan bambanta da sauran mutane ta wasu fuskoki, kamar cima da shan barasa da irin aikin da suke yi. Don a ware nikotin shi kaɗai, sai aka koma ga dabbobi.

A Jami'ar Emory da ke Atlanta, ƙungiyar Scott Boden ta ƙware wajen yi wa zomaye irin wannan tiyata ta gadon baya, da ƙashin da aka ɗebo daga ƙugunsu. A 1995 Silcox da abokansa suka dasa wa wasu zomayen ɗan ƙaramin famfo a ƙarƙashin fata wanda ke ɗiga nikotin cikin jiki dare da rana, wasu kuma ba a ba su nikotin ba. Bayan mako biyar aka duba. A cikin waɗanda ba su sami nikotin ba, kashi 56 cikin 100 ƙashinsu ya haɗe. A cikin waɗanda suka samu, ko ɗaya bai haɗe ba. Babu hayaƙi a nan, babu kwalta, babu iskar nan mai guba da ake kira kabon monoksaid. Nikotin ne tsagwaronsa.

Shekara guda kafin wannan, Daftari da abokansa sun yi wani gwaji da ya nuna hanya ɗaya da ɓarnar ke bi. Suka dasa ɗan gutsuren ƙashi a gaban ƙwayar idon zomo, inda za a iya leƙawa a ga jijiyoyin jini suna kutsawa cikinsa kullum ba tare da an yanka komai ba. A zomayen da aka ba nikotin, jijiyoyin sun yi jinkirin isowa, sun mamaye ɗan wuri kaɗan, kuma dashen da ya mutu ya fi yawa. Duk manomin rani ya san cewa dashen albasa da bai sami ruwa a kwanakin farko ba, ko an kwarara masa daga baya ba lallai ya tashi ba. Haka gutsuren ƙashin da aka ciro daga ƙugu yake: an raba shi da jininsa, ƙwayoyin da ke cikinsa suna da ɗan lokaci ƙanƙane kafin su mutu, kuma nikotin yana tsawaita jiran. Dalilin sananne ne. Nikotin yana sa jiki ya saki adirenalin da danginsa, su kuma su tsuke ƙananan jijiyoyin jini.

A 2000 ƙungiyar ta Emory ta sake komawa, wannan karo Theiss ne a gaba, suka auna saƙonnin da ƙwayoyin ke fitarwa a cikin dashen yayin da yake ƙoƙarin haɗewa. A zomayen nikotin, saƙon kiran jijiyoyin jini da ake kira VEGF ya ragu, wanda ya dace da abin da aka gani a ido. Amma ba shi kaɗai ba. BMP-2 da BMP-4 da BMP-6 duk sun ragu, haka ma kolajin, wato zaren furotin da ake shimfiɗawa kafin ma'adinai su zauna a kai. Wannan ya nuna matsalar ba ta tsaya ga tsukewar jijiya ba, ta shiga har cikin umarnin da ke cewa ƙwayar tushe ta zama mai gina ƙashi. Wani gwajin nasu ya ƙarfafa hakan ta ɗaya gefen: da suka ƙara wa dashen furotin masu tayar da ginin ƙashi, sai ya haɗe duk da nikotin ɗin. A shekarar 2000 ɗin dai wasu masu bincike a Kanada suka nuna cewa zomayen da aka yanke wa nikotin kafin tiyata sun fi waɗanda aka ci gaba da ba su samun haɗewa.

A wannan gaɓa kamar an gama shari'a. Ni ma da a ce labarin ya tsaya nan, da na ce nikotin ne mai laifi, a rufe littafi.

A cikin farantin gwaji

Yadda ake gwada ƙwayoyin tushe a waje da jiki ba shi da wuyar fahimta. Ana shuka su a faranti, a zuba musu ruwan abinci mai ɗauke da bitamin C da wani sinadarin fosfet da maganin deksametason. Cikin kusan mako uku sai su fara tara ma'adinin kalsiyam dunƙule-dunƙule. A zuba wani jan rini da ke kama kalsiyam, farantin da aikin ya yi kyau ya yi ja jawur, wanda ya gaza ya tsaya fari-fari. Sai a ƙara nikotin a wasu farantan a kwatanta.

Nikotin yana da inda yake kamawa a jikin ƙwaya. Jikinmu na amfani da wani sinadari, asetilkolin, wajen isar da saƙo, kuma akwai wurare na musamman a fatar ƙwayoyi da yake maƙalewa. Nikotin yana maƙalewa a wasu daga cikin waɗannan wurare ya buɗe ƙofar da gishirin jiki da kalsiyam ke shiga. Da daɗewa ana ɗauka a jijiyoyi da tsoka kawai suke. Daga baya aka same su a ƙwayoyin gina ƙashi da kuma ƙwayoyin tushe kansu. Wanda aka fi bincika shi ake kira alfa-7. A 2013 masu bincike a birnin Xi'an na ƙasar Sin suka yi aiki da ƙwayoyin tushe da ake samu a zaren da ke riƙe haƙori da ƙashin muƙamuƙi. Nikotin ya rage musu alamomin rikiɗa da tara kalsiyam. Da suka toshe alfa-7 da wani sinadari da ake cirowa daga dafin wani macijin gabashin Asiya, sai illar ta ragu. Wannan hujja ce mai ƙarfi cewa nikotin yana yi wa ƙwayar magana kai tsaye, ba sai ta hanyar jini ba.

To amma ga inda dole mai karatu ya buɗe ido. Nikotin da ke yawo a jinin mashayi yawanci yana tsakanin nanogiram 10 zuwa 50 a kowace mililita (nanogiram shi ne kashi ɗaya cikin biliyan na giram). Da yawa daga cikin gwaje-gwajen faranti da suka nuna mummunar illa sun yi amfani da abin da ya ninka wannan sau ɗaruruwa, wasu ma sau dubbai. Kusan duk wani sinadari, in aka tula shi haka, zai kashe ƙwaya. Da masu bincike suka bi a hankali daga ƙarami zuwa babba, sai suka ga abin yana da fuska biyu. Wani aiki da aka yi a birnin Haifa na Isra'ila a 2009 ya nuna cewa ɗan ƙaramin nikotin yana ƙara wa ƙwayoyin gina ƙashi saurin hayayyafa, babban kuwa yana danne su har ya kashe su. Wasu ƙungiyoyin ma sun ga irin wannan. Shi ya sa nake jin takaici idan na ga kanun labari yana cewa an gano nikotin na kashe ƙwayoyin tushe, ba tare da an faɗi yawan da aka zuba ba. Adadin shi ne rabin labarin.

Akwai wuri guda da babban adadin ba ƙari ba ne: baki. Mai tauna taba, ko mai cusa garinta tsakanin leɓe da dasashi, yawunsa na iya ɗaukar nikotin da ya ninka na jini nesa ba kusa ba, kuma ƙwayoyin da ke riƙe haƙori suna nan dab da shi. Kanwar da ake haɗawa da garin taba a ƙasar Hausa tana ƙara saurin shigar nikotin ta fatar baki, domin nikotin ya fi ratsa fata idan wurin ba shi da tsami. Don haka sakamakon Xi'an ya fi kusa da halin dattijon da ke tauna taba fiye da halin ƙashin bayan mai shan sigari.

Hayaƙin ya fi nikotin

A 2006 wasu masu bincike a Aarhus ta Denmark, Skott da abokansa, suka yi abin da ya kamata a ce an yi tun farko. Suka karya ƙashin ɓeraye, suka raba su: wasu nikotin kawai, wasu ruwan da aka tatso daga ganyen taba amma babu nikotin a ciki, wasu duka biyun, wasu ba komai. Da aka gwada ƙarfin ɗorin, ruwan tabar da ba shi da nikotin ne ya raunana shi. Nikotin shi kaɗai bai yi hakan ba. A 2015 kuma Daffner da abokansa a Amurka suka sake gwajin zomaye, amma maimakon famfo suka manna musu filastar nikotin mai ƙarfi daban-daban. Zomayen da suka sami mafi ƙarancin adadi ba su yi ƙasa da waɗanda ba a ba komai ba, har ma sun ɗan fi su, masu babban adadi kuwa suka koma baya. Zomayen ba su da yawa, bai kamata a gina gini a kan wannan ba, kuma babu mai hankalin da zai ce a ba mai karaya nikotin a matsayin magani. Amma ya isa ya nuna cewa sifilin da aka samu a Atlanta ba hukunci ba ne a kan kowane adadi da kowace hanya.

Hayaƙin sigari yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000. Kabon monoksaid yana kama jan sinadarin jini da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, har a wajen mai sha da yawa kusan kashi 10 cikin 100 na jan sinadarin na iya zama a toshe, ba ya ɗaukar oksijin. Nan zargin Brown da abokansa na 1986 ya sami gindi. Akwai sayanaid da ke hana ƙwaya amfani da ɗan oksijin da ya iso. Akwai ƙarfen kadmiyam mai cutar da ƙashi. Akwai kuma tarin ɓurɓushin oksijin masu ƙona furotin da fatar ƙwaya.

Aikin da ya fi gamsar da ni wajen ɗinke waɗannan zare shi ne na wata ƙungiya a Tübingen ta Jamus, wanda aka buga a 2018. Suka gwada ƙwayoyin tushe na ɗan Adam da ruwan da aka ratsa hayaƙin sigari ta cikinsa, sannan da nikotin, sannan da kotinin, wato abin da hanta ke mayar da nikotin. Ruwan hayaƙin ya lalata rikiɗar ƙwayoyin. Nikotin da kotinin, a adadin da ake samu a jinin mashayi, ba su hana rikiɗar da kansu ba, kuma ba su haifar da ɓurɓushin masu ƙuna ba. Abin da suka yi shi ne raunana sinadaran kariya guda biyu da ƙwaya ke share ɓurɓushin da su, ɗaya daga ciki katalas. Wato hayaƙi ne ke kawo ƙunar, nikotin kuma yana ɗaure hannun mai kashe ta. A fahimtata wannan ya bayyana dalilin da ya sa sigari ya fi kowane ɓangarensa muni idan an ware shi.

Komawa ga majinyata

Duk wannan muhawara ta ɗakin gwaji ba ta taɓa girgiza abin da ake gani a asibiti ba. A 2000 Glassman da abokansa a Louisville ta jihar Kentucky suka bibiyi majinyata 357 da aka yi wa tiyatar haɗe gadon baya da ƙarfe. Rashin haɗewa ya kasance kashi 14.2 cikin 100 a wajen waɗanda ba su shan taba, da 26.5 a wajen waɗanda suka ci gaba da sha bayan tiyata. Waɗanda suka bari na fiye da wata shida bayan aikin, nasu 17.1 ne, kusa da na marasa sha. Wannan lamba ta ƙarshe ita ce ta fi muhimmanci a wurina, domin tana cewa ɓarnar ba dawwamammiya ba ce. Mutumin da ya shekara ashirin yana sha, in ya bari a daidai watannin da ƙwayoyin tushensa ke aiki, yana iya dawo da mafi yawan abin da ya rasa.

Ba gadon baya kaɗai ba ne. A 1999 Schmitz da abokansa suka bi masu karayar ƙwauri, suka tarar tsaka-tsakin lokacin warkewa kwana 136 ne ga marasa sha, 269 ga mashaya. A 2014 aka tattara bincike da dama wuri guda, aka ga haɗarin ƙin haɗewar karaya a wajen mashaya ya haura ninki biyu. Ƙashin ƙwauri dama can yana da ƙarancin tsoka a gabansa da ƙarancin jini a ƙasansa, shi ya sa ya yi suna wajen taurin warkewa. Kuma shi ne ƙashin da haɗarin babur ke yawan karyawa. Wanda ya taɓa shiga Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko ya zauna a zauren mai ɗori, ya san yawancin masu wannan karaya samari ne da magidanta masu neman na yau da ƙafarsu. Ƙarin wata huɗu a kwance ga ɗan acaɓa ko ɗan dako ba lamba ba ce a takarda, abincin gida ne. A wajenmu ana ba mai karaya shawarwari barjat a kan abin da zai ci da abin da zai ƙaurace wa. Ina fata tambayar taba ta shiga sahun farko, a asibiti da wajen masu ɗori baki ɗaya, kuma a haɗa da shisha, wadda gawayin da ake ɗora mata ke ƙara yawan kabon monoksaid. Zaman jinya kansa, da kaɗaici da zafin ciwo, shi ke sa mutum ya ƙara yawan karan da yake sha a lokacin da ya fi cutar da shi.

Sai tambayar da ta fi wahalar da likitoci: idan majinyaci ba zai iya bari haka kawai ba, a ba shi filastar nikotin ko cingam ɗinsa? Wanda ya tsaya a kan zomayen 1995 zai ce a'a. Amma akwai gwaji a kan mutane. A 2002 Ann Møller da abokanta a Kwapanhagan ta Denmark suka raba mashaya 120 da ke jiran tiyatar sauya gaɓar ƙugu ko gwiwa gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Gida ɗaya aka ba su shawara da madadin nikotin mako shida zuwa takwas kafin aiki. Matsaloli bayan tiyata suka kasance kashi 18 cikin 100 a wajensu, 52 a ɗaya gidan. Na ciwon da aka ɗinke kuwa 5 ne da 31. A 2010 Nåsell da abokansa a Sweden suka yi irin wannan da mashaya 105 da aka yi wa tiyatar karaya ta gaggawa, inda babu damar shiri, sai bayan aiki aka fara taimaka musu su bari na mako shida. Matsaloli suka zama kashi 20 a gefe guda, 38 a ɗayan. Gaskiya ne waɗannan gwaje-gwaje biyu sun fi auna ruɓewar ciwo da makamantansu, ba haɗewar ƙashi ba. Duk da haka alkiblar a fili take, kuma filasta tana ba da nikotin a hankali, yawanci ƙasa da abin da sigari ke harbawa cikin jini, ba tare da hayaƙi ba. Mafi kyau shi ne babu nikotin sam. Idan zaɓin ya zama tsakanin filasta da komawa ga kwalin sigari, ban ga hujjar hana filasta ba, muddin likita ne ya tsara adadin da lokacin yaye ta.

Wasu likitocin gadon baya a Amurka da Turai sukan ƙi yin tiyatar da ba ta gaggawa ba sai gwaji ya tabbatar majinyaci ya daina. Ba nikotin suke aunawa ba, domin rabinsa na barin jini cikin kusan awa biyu. Kotinin suke nema, wanda rabinsa ke ɗaukar kusan awa 16, don haka yana tona asirin kwanakin baya. Matsalar ita ce kotinin ba ya bambance wanda ya sha sigari jiya da wanda ya bar shi wata guda yana fama da filasta. Duka biyun gwajinsu zai nuna akwai. Idan aka mayar da na biyun gida a kan wannan sakamako, an hukunta shi ne saboda ya bi hanyar da gwaje-gwajen Denmark da Sweden suka nuna tana rage matsala. Akwai mafita: ana iya auna kabon monoksaid a numfashi da ƙaramar na'urar da ake hurawa, wadda ke nuna hayaƙin da aka sha cikin awannin baya, ko a nemi anabasin a fitsari, wani sinadarin ganyen taba da ke fitowa ga mai shan taba ko tauna ta amma ba ya taruwa ga mai amfani da tataccen nikotin. Na'urar numfashin ba ta buƙatar ɗakin gwaji ko ɗibar jini, kuma majinyacin da kansa yana ganin lambar tana sauka kwana ɗaya ko biyu bayan karansa na ƙarshe.